Mantuwar Kawu Haladu

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa tsakanin Funtuwa da Malumfashi a zamanin da talabijin ɗaya ke ɗaukar unguwa guda, ya san Kawu Haladu. Tsoho ne na icen rimi, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, da gemun auduga da hula a karkace. Ga surutu, ga son tuwo, ga mantuwa ta fitar hankali. Amma da za ka tsaya a tashar Funtuwa ka tambayi wane ne Mudi na Mahuta, sai dai a ce maka ko cikin direbobi yake. Alhali Mudi ne hannun Kawu, shi ne kuma muryarsa.

Sana'ar ce ta gaji haka. Mai wasan 'yar tsana irin na da ba ya nuna fuska. Babbar riga ake kafawa a kan sanduna, ya shige ciki ya kwanta rigingine, ya riƙa miƙa 'yan tsanar ta wuyan rigar. A bakinsa akwai ɓawon ƙwan jimina guda biyu da aka ɗaure da zare, ya tokare shi a ganɗa. Wannan ɓawon ne ke mayar da muryar ƙaton namiji siririya mai tsiwa, wadda ko gaisuwa ta yi sai an yi dariya. Da yake ba kowa ke gane ta ba, dole a sami mai fassara a waje, ya riƙa maimaita abin da ta ce yana ƙara gishiri. Na Mudi shi ne Sanda, abokinsa tun suna kiwon awaki.

Tsohon da ya koya wa Mudi wasan sharaɗi ɗaya ya gindaya masa, bai kuma yi dogon bayani ba. Ya ce ɓawo ba ya ɗaukar sunan Allah. An yi muryar ne don a yi dariya, saboda haka abin da ba a yi wa dariya ba ya bi ta cikinta. Mudi ya riƙe maganar nan da hannu biyu. A kasuwanni hakan bai taɓa zama matsala ba, domin ba wanda ke zuwa kallon 'yar tsana don a yi masa wa'azi.

Sai da gidan talabijin ya ɗauke su yin shirin yara sannan abin ya taso. Shugaban shirye-shirye ya ce tunda iyaye ma suna kallo, kowane mako a koya wa yara addu'a guda, ta cin abinci, ta fita gida, ta hawa abin hawa, da sauransu. Mudi ya ce shi kam ba da bakin Kawu ba. Aka shirya cewa wani malami zai tsaya bayan labule ya karanta idan an zo wurin. Ranar farko babur ɗin malamin ya mutu a hanya, ga shi kuma kai tsaye ake watsa shirin. Kawu ya zauna gaban akushi, ya ɗaga hannuwa. Mudi ya tofo ɓawon cikin tafinsa yana jiran muryar da ba ta zo ba. Sanda yana tsaye da ganga a hammata, bakinsa bai huce daga barkwanci ba, shi ma ya ga bai dace ya karanta ba. Sai ya dafe kai ya ce, "Af, Kawu ya manta." Shiru ya biyo baya, shiru mai tsawo, har zufa ta cika wa Mudi kunne. Can ya mayar da ɓawon, Kawu ya zabura ya ce yauwa, kamar wanda aka raɗa wa, ya kai loma.

Ba wanda ya kawo ƙara. Malamin kuwa ba da daɗewa ba aka yi masa canjin wurin aiki, abin ya zauna a haka. Kowane mako Kawu ya manta, kowane mako a yi shiru, sannan ya ce yauwa. Mudi dai bai taɓa jin daɗin wurin nan ba. A ganinsa giɓi ne a tsakiyar aikinsa, an yi wa yara alkawarin addu'a an ba su iska. Bai kuma taɓa ganin shirin da idonsa ba, domin lokacin da ake kallo shi yana kwance cikin riga yana kallon ɗinkin wuya.

Da shugabanni suka canza aka ce shirin ya tsufa. Kawu ya zauna a ɗakin ajiyar gidan talabijin tare da karyayyun kujeru, Mudi ya koma gonarsa. Sanda ya rasu. Shekaru suka ja, har Mudi ya yi gemun da ya fi na Kawu fari.

Da kakar bana ce wata mota ta tsaya a bakin gonarsa yana tsakiyar ɓarar masara. Mace ce ta fito, mai kimanin shekara arba'in, da wani matashi mai ɗauke da kyamara. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta ce sunanta Naja'atu, 'yar Malumfashi ce, shirye-shiryen yara take yi waɗanda ake kallo a waya. Matashin kuma Murtala, shi ke mata ɗauka da tacewa. Sannan ta kwance wani zane da ta rungumo kamar jariri. Kawu Haladu ne a ciki. Asu ya cinye rabin gemun, hular ta koɗe, amma karkacewar nan tana nan. Mudi ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ya yi niyyar ya tsokane shi ya ce ashe kai ma tsufa ya kama ka, sai kawai ya shafa masa guntun gemun.

Naja'atu ta ce ta daɗe tana zirga-zirga kafin gidan talabijin ya sakar mata sunan shirin da 'yar tsanar. Yanzu Kawu a hannunta yake, tana so ta dawo da shi, kuma ba ta son kowa ya riƙe shi sai mai shi. Ta ce 'ya'yanta sun haddace waƙoƙin katun ɗin yara na ƙasashen da ba su san inda suke ba, amma addu'ar shiga bayi sai an yi da gaske. Ita kuwa duk addu'ar da ta iya tana ƙarama, daga bakin Kawu ta koya.

Mudi ya ce ai Kawu bai taɓa karanta addu'a ba, ɓawo ba ya ɗaukar sunan Allah, shiru kawai ake yi a wurin.

Ta yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho idan ya rikita sunayen jikokinsa. Ta ce da kunnenta ta ji, a tsakar gidan mai unguwarsu, inda ake fito da talabijin a ɗora a kan turmi. Murtala ya ce shi bai riski shirin ba, amma yayyensa duk haka suke faɗa. Babu kuma abin da za a kunna a raba gardama, domin kaset-kaset ɗin da aka ɗauki shirin a kansu tuni aka bi su da wasu shirye-shiryen. Da suka tafi har sai da Mudi ya tambayi matarsa Mero ko ta taɓa jin ya saɓa sharaɗin nan. Mero, tana zaune tana yi wa Kawu sabon gemu da audugar gonarsu, ta ce mutumin da ko atishawa aka yi yana cikin riga sai ya tofar da ɓawo kafin ya amsa, shi ne zai zo yana tambayarta.

Bayan kwanaki suka dawo don gwaji. Mudi ya lalubo ɓawonsa a cikin wani tsohon gwangwanin madara, ya jiƙa zaren, ya sa a baki. Muryar ta fito a shaƙe da farko, sannan ta washe. Naja'atu ta toshe baki da mayafi tana dariya, hawaye na zuba. Murtala ya ɗauki muryar na ɗan lokaci, ya yi 'yan danne-danne a kwamfutarsa, sannan ya ce Baba ya saurara. Sai ga Kawu Haladu yana magana daga cikin na'ura, yana yi wa mutanen Danja kirari da rakensu da tumatirinsu, maganar da Mudi bai taɓa furtawa ba. Har da 'yar shaƙewar nan ta ƙarshen numfashi. Mudi ya taɓa bakinsa don ya tabbata ɓawon yana nan.

Murtala ba mugun yaro ba ne, murna yake yi. Ya ce ga mafita ta samu, tunda Baba ba ya son karanta addu'a da ɓawo, ba sai ya karanta ba, na'ura za ta sa wa Kawu ita a baki. Ya ce shirun da Baba ke magana a kai, a waya ba ya yiwuwa. Yaro yana jin shiru zai shafa yatsa ya wuce gaba.

Mudi ya fahimci inda aka kwana. In ya yi fushi ya ce ba ya yi, Kawu ba nasa ba ne, muryar ma ga ta an kwafe. Za a yi shirin ba shi, sunan Allah ya fito ta cikin muryar da aka ƙera don ƙyalƙyala dariya, yaran ƙasar nan su riƙa kwaikwayonta a haka suna shewa. Abin da ya tsare duk tsawon rayuwarsa ke nan, kuma tsoro ya kama shi sosai. Ya roƙi Naja'atu abu ɗaya. Tunda ta ce za a buɗe shirin da wasa a gaban jama'a a Malumfashi, ta bar shi ya yi sau ɗaya yadda ya saba. In shirun ya watsa yara, ya sakar mata, ta yi yadda ta ga dama.

"Baba, na yarda," in ji ta. "Amma in sun watse, kada ka riƙe ni a zuciya."

"Ba zan riƙe ki ba, Hajiya. Sai dai ba zan kalla ba."

A ransa ya san ya riga ya faɗi. Shi da kansa bai taɓa yarda da shirun nan ba, yaya zai sa ran yaran zamani su yarda da shi?

Aka sa ranar Asabar bayan la'asar, a filin wata makarantar firamare. Jibril ɗan marigayi Sanda, wanda ke ɗinki a Funtuwa, ya yarda ya tsaya a matsayin mahaifinsa, domin a cikin muryar nan ya tashi. Naja'atu ta yi zaton yara ne za su cika wurin. Yaran sun zo, amma iyayen sun fi su ɗoki. 'Yan kasuwa sun rufe rumfuna, masu Keke Napep sun jera kekunansu sun hau kan rufi, malaman asibiti da fararen kaya, Fulani da suka kawo shanu kasuwa sun tokare da sandunansu a baya. Mata sun yi sahu a gefen inuwar dalbejiya, kowace da na goye da na riƙe. Mudi bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Tun kafin a taru ya shige rigarsa ya kwanta, bayansa yana gaya masa cewa shekarun nan ba a banza suka wuce ba.

Da hular Kawu ta leƙo ta wuyan rigar, ƙarar da ta tashi sai da ta kaɗa sandunan. Manyan mutane masu iyali suna kiran sunan guntun ice kamar ɗan'uwansu ya dawo daga Makka. Mudi ya ji hannunsa ya tuna abin da kansa ya manta. Kawu ya gaishe da jama'a, ya tambayi ina aka kai jakinsa da ya ɗaure a nan shekara talatin da suka wuce. Ya yi faɗa da Jibril a kan wai ya yi tsawo ba da izininsa ba. Ya ga waya a hannun wani ya ce a ba shi ya duba fuskarsa. Yaran da suka zo suna ɗaure fuska, tun ana jan su, suka dawo gaba suna tuntsira dariya.

Sannan aka zo wurin. A wasan ranar, Kawu zai tafi gona ne, ya saɓa fartanya, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce tsaya, akwai abin da ake faɗa kafin a fita. Ya ɗaga hannuwansa biyu. Mudi ya tofo ɓawon cikin haɓar rigarsa. Jibril ya dafe kai yadda mahaifinsa ke yi, ya ce, "Af, Kawu ya manta."

Aka yi shiru. Mudi yana jin kukan wani akuya a nesa, da injin niƙa a bayan makaranta. Wani yaro ya yi 'yar dariya. Wani ya ce wa uwarsa abin ya lalace ne? Mudi ya runtse ido, ya ce shi ke nan.

Daga ɓangaren mata ne ya fara jin wani abu, ƙasa-ƙasa, kamar ana raɗa. Wata ce ke karanta addu'ar fita gida, a hankali, kalma bayan kalma, irin karatun da ake yi wa ƙaramin yaro a kunne. Kafin ta kai tsakiya wata ta kama, sai wani namiji daga dama, sai abin ya bazu cikin filin gaba ɗaya. Ba irin karatun makarantar allo ba ne da ake haɗa baki a tashi tare a sauka tare. Kowa da saurinsa, kowa da irin jan da yake yi. Akwai mai harshen Zazzau, akwai wanda Fulatanci ke lanƙwasa masa baƙaƙen, akwai tsohuwar da haƙoranta suka zube. Ba kuma Kawu suke karanta wa ba. Mudi ya gane haka daga yadda muryoyin suka sunkuya, kowa ya duƙa ne a kan ɗan da ke gabansa. Can sai ƙananan muryoyi suka biyo baya, suna tuntuɓe, ana gyara musu.

Ba wanda ya ce su yi. Ba wanda ya shirya da su. Mudi yana kwance a ƙasa, ƙasar tana kai masa gunjin mutum ɗaruruwa suna ambaton Allah ta cikin ƙashin bayansa. Sai a lokacin ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ashe duk makon da yake kwance a ɗakin watsa shiri yana jin kunyar giɓin nan, a Bakori da Danja da Dandume da rugagen da ake haɗa talabijin da batirin mota, akwai uwa ko kaka ko yaya da ba ta iya jure ganin tsoho ya manta, sai ta faɗa. Ashe wannan yauwa da Kawu ke yi, wadda shi ya ɗauka dabarar rufe kunya ce, amsa ce ga mutanen da suka yi magana da gaske. Girman abin ya danne shi. Bai shirya shi ba, Sanda bai shirya shi ba, babur ne kawai ya mutu a hanya. Ya ji kansa ƙarami ƙwarai, ya kuma ji tsoron Allah irin wanda bai taɓa ji ba ko a sahun gaba na masallaci.

Ya kasa mayar da ɓawon. Kawu ya tsaya da hannuwa a sama har tsohuwar nan ta ƙarshe ta ida nata, filin ya sake yin tsit. Jibril ya ɗan taɓa rigar da ƙafa. Da ƙyar Mudi ya lalubo ɓawon, ya tura a baki, Kawu ya zabura ya ce yauwa. Muryar ta fito a karye, amma ba wanda ya lura, domin dariya da kabbara sun haɗe.

Bayan an tashi, jama'a suka yi ta turereniya don su taɓa gemun Kawu. Mudi bai fito ba, ya ce sai an ragu. Yana nan kwance ya ga an ɗaga gefen rigar. Naja'atu ce ta durƙusa a ƙasa, ba ta damu da lesin da ke jikinta ba. Idanunta sun yi ja.

"Baba, da na buɗe baki zan karanta wa Amatullahi, sai na ji yadda nake jan ƙarshen," in ji ta. Amatullahi ita ce autarta. "Ba Kawu ne ke ja haka ba. Inna ce. A cinyarta nake zama in ana kallo, haɓarta a kan kaina." Ta share fuska da bakin mayafi. "Ina aji uku ta rasu. Na daɗe ina cewa na manta muryarta."

Mudi ya ce Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Murtala ya matso da kyamararsa a rataye, jikinsa a sanyaye. Ya ce shi fa bai ɗauki Kawu ba a wurin nan, ya juya kan jama'a bai sani ba. Bai sake tayar da zancen na'ura ba, Naja'atu ma haka. Abin da ya tambaya kawai shi ne, in an zo tacewa, shirun nan daƙiƙa nawa za a bar masa, don a waya komai da ma'auni.

Mudi ya yunƙura ya zauna, kansa ya fito ta wuyan rigar inda Kawu ke fitowa. Karo na farko ke nan da ya ga filin da ya yi wa wasa. Mutane suna ta fita ta ƙofar makaranta, wani uba yana saɓe da ɗiyarsa a wuya tana maimaita abin da ta ji, yana gyara mata wuri ɗaya da ta ƙi kamawa.

"Ni ban san daƙiƙa ba, ɗana," in ji shi. "Ka nemo tsohuwar nan da ta gama a ƙarshe, ka auna da ita. Sannan ka ƙara kaɗan, saboda yaron da zai maimaita."